Wasiƙa Zuwa ga Uwata, Kan Ƙofar Sabar da Ba a Kunna Ba

Uwata,

Mu nan Kano lafiya lau, sai hunturu da ya fara kaɗawa.

Mahaifiyarki ta ce kin kira ta shekaranjiya da dare, muryarki a gajiye. Wai an ce ki kawo lambar MAC ta ƙofa ta biyu a jikin wata sabar da ke kan aiki, kin buga ifconfig, ƙofar ko alamarta babu. Ita ba ta fahimci maganar ba, amma ta riƙe kalmomin ta kawo mini su daidai. Na san halinki. Tun kina 'yar firamare kin gwammace ki yini kina kokawa da igiyar takalmi da ki ce a ɗaura miki. To tunda ba za ki tambayi babanki ba, babanki zai faɗa ba a tambaye shi ba.

Lambar tana nan, ba ta je ko'ina ba. Kamfanin da ya ƙera katin sadarwar ya rubuta ta a cikinsa tun kafin ya bar masana'anta. MAC sunan yanka ne, IP kuwa adireshin gidan haya, yaro kuma yana da sunansa ko bai taɓa kama ɗaki ba. Alamomi 12 ne, daga 0 zuwa 9 da A zuwa F, ana jera su biyu-biyu. Shidan farko hukumar IEEE ce ke raba wa kamfanoni, shi ya sa a zamaninmu da mun hango 08:00:20 mun san na'urar Sun ce. Ke ma ki saba: 00:50:56 na VMware ne, 52:54:00 kuwa KVM ke bayarwa. Idan kin ga ɗayansu, kin san ba kati na ƙarfe kike kallo ba.

Ifconfig bai yi miki ƙarya ba, halinsa ne haka: idan ba ki ƙara masa -a ba, ƙofofin da aka kunna kawai yake nunawa. Kuma ya tsufa, sababbin Linux da yawa ba sa ma zuwa da shi. Ki buga ip link show. Zai jero miki kowace ƙofa, da mai aiki da wadda ke kwance, lambar kuma tana nan bayan link/ether. In kina son ta ita kaɗai, ki karanta /sys/class/net/, sai sunan ƙofar, sai address. Kada sunayen su ruɗe ki. Mu eth0 da eth1 muka sani, amma tun 2013 da systemd ya kawo sabon tsarin suna, sai ki tarar da eno2 ko enp3s0f1.

Ga inda hankalina bai kwanta ba, shi ne ma dalilin wasiƙar. Idan mutum ya gaji, ga shugaba yana jira, zuciya takan raya masa ya kunna ƙofar ya bar DHCP ya ba ta adireshi, don dai lambar ta fito. Kada ki yi, Uwata. A sabar da jama'a ke amfani da ita, wannan ɗan taɓin kan iya shigo da sabuwar hanyar fita ko ya sauya DNS, nan take sabar ta yanke daga masu ita, ke kuma ana neman wanda ya taɓa. Karanta lamba ba ya buƙatar ki canza komai. Kuma kada ki ɓata dare kina leƙa teburin suwic ko na arp. Suwic ba ya sanin lambar ƙofa sai ta aiko masa da wani abu, ƙofar da ke kwance kuwa ba ta aika komai.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Lambar da ip link ya nuna, ita ce wadda ƙofar ke amfani da ita yanzu, ba lallai ta asali ba. Idan an haɗa ƙofofi biyu wuri ɗaya domin in ɗaya ta mutu ɗaya ta ci gaba, sau da yawa dukansu sukan ɗauki lambar ta farko. Ki tambayi katin kansa da ethtool -P, babban baƙi, ko ki duba /proc/net/bonding/bond0, inda aka rubuta ta dindindin a ƙarƙashin kowace ƙofa. In aikin ɗora wa sabar manhaja ta hanyar PXE ne, ta asalin ake so, domin a lokacin Linux bai ma tashi ba balle ya sauya wani abu.

Wannan ya tuna mini da ɗakin kwamfutar da na yi aiki lokacin kina goye. Na'urorin Sun ne masu Solaris. A can ko ifconfig -a ba ya nuna ƙofa sai ka fara gabatar da ita da umarnin plumb, kuma lambar ba ta bayyana sai ga root. Wani kati mai ƙofa huɗu, duka huɗun lamba ɗaya suke nunawa, domin na'urar tana ba su tata lambar, sai ka mayar da local-mac-address? zuwa true ka sake tayar da ita. Ina dawowa gida bayan isha'i hannuwana da sanyi, in ɗauke ki, ki tsala ihu. Mahaifiyarki takan ce in fara ɗumama su a bakin murhu tukuna.

To in ip link ma bai ga ƙofar ba fa? Ki buga lspci -k. In katin ya fito amma babu direba a ƙarƙashinsa, kin gano ciwon: Linux ya ga ƙarfen, bai san yadda zai yi magana da shi ba. In ko a nan bai fito ba, ki duba ko an kashe shi a BIOS. Sabar Dell tana da iDRAC, ta HP tana da iLO, kuma galibi sukan nuna lambobin ƙofofin ko babu manhaja a kan na'urar. Sai dai ki kula, su ma suna da tasu lambar daban, kada ki miƙa ta a matsayin ta ƙofar.

Sannan ki tashi daga kujera. Na san ba kya son zagayawa bayan kantar sabar saboda iska mai zafi da ƙarar fanka, kamar yadda kika tsani a aike ki kicin da rana. Amma sunan da ke kan allo da ramin da aka soka waya ba kullum suke tafiya a jere ba. Ki buga ethtool -p, ƙaramin baƙi wannan karon, fitilar ƙofar za ta riƙa ƙyaftawa, ki gan ta da idonki, ki manna mata takarda. Lambar kuma ki kwafe ta ki aika a rubuce, kada ki karanta wa kowa ta waya, don B da D sukan rikice a kunne, a rubutun hannu kuma 8 da B sukan yi kama. Ki ajiye ɗan littafi a jakarki. Burina in ji wata rana ke ce ƙanana ke zuwa wurinki da irin wannan tambaya, kina amsa musu ba tare da kin kunyata su ba.

Ɗakin nan naku sanyi ne da shi, ke kuma ƙirjinki ba ya son sanyi tun kina yarinya. Ki riƙa sa rigar sanyi da safa ko abokan aiki za su yi dariya. Ki ci abinci kafin ki shiga aikin dare, shayi kaɗai ba abinci ba ne. In kin tashi cikin dare kada ki hau titin Legas ke kaɗai, ki jira gari ya waye ki yi asuba a can, sannan ki kama hanya.

Kawunki zai taho ƙarshen wata, mahaifiyarki ta haɗa masa kilishi da yaji da dakakkiyar kuka ya kawo miki. Ƙannenki suna tambaya ko za ki zo da Sallah, ki nemi hutun tun yanzu. In kin samo lambar, ki kira ni ni ma, ba ita kaɗai ba, ki faɗa mini wane kati ne.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke.

Babanki