Tsakanin Manhajar Sata Da Manhajar Wakafi



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, mu mutanen wannan yanki na Funtuwa da Malumfashi an san mu da tsantseni a wasu abubuwa. Ba ma cin naman da ba mu natsu da yankansa ba, kuma idan aka ce wane yana tauye mudu a kasuwa, to ya zubar da mutuncinsa ke nan har wurin neman aure. Amma akwai wani abu da ya shigo gidajenmu da makarantunmu wanda ba kasafai muke tambayar halaccinsa ba, wato manhajar da ke cikin kwamfutocinmu. Da ita muke buga jarrabawar Islamiyya, da ita muke sauraron karatun malamai, alhali da yawa daga cikinmu ba su taɓa tsayawa sun tambayi kansu ba: shin wannan abin saye aka yi, ko ɗauka aka yi ba da iznin mai shi ba?

Inda Matsalar Take

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda ita ce ke tafiyar da komai a cikinta. Idan babu ita, kwamfuta ƙarfe ce kawai da roba. Wadda muka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, kuma sayar da lasisinta ake yi. Wasu kwamfutocin da lasisinsu suke zuwa, waɗannan babu magana a kansu. Amma sau da yawa idan mutum ya sayo kwamfutar gwanjo daga titin Beirut na Kano, ko tasa ta lalace ya kai wa mai gyara, abin da ake loda masa kwafi ne da aka fasa makullinsa, tare da Office da CorelDraw da sauransu, duk a kan ɗan abin da bai kai kuɗin tiya biyu ta masara ba.

Malamai sun yi magana a kan wannan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na biyar da ta yi a Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, bai halatta a yi ta'adi a kansu ba. Akwai malaman da suka saɓa, akwai kuma waɗanda suka sassauta wa ɗalibin da ba shi da hali. Ni ba mai fatawa ba ne. Abin da na sani shi ne, idan abu ya shiga saɓani, kuma ga wata hanya a buɗe wadda babu ƙura a kanta, to mai son kuɓutar da addininsa ya kamata aƙalla ya leƙa wannan hanyar. Ita ce nake son in ba da labarinta yau.

Mene Ne Linux?

A shekarar 1983 wani masanin kwamfuta a Amurka mai suna Richard Stallman ya shelanta aikin da ya kira GNU, da nufin samar da babbar manhaja wadda kowa ke da 'yancin ya yi amfani da ita, ya duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta ƙwayar da ta rage wa aikin, aka kira ta Linux. Daga nan jama'a suka yi ta haɗa nau'o'i daban-daban: Debian a 1993, Ubuntu a 2004, Linux Mint a 2006, da wasu masu yawa. Ko wayar Android da ke aljihunka, a kan ƙwayar Linux aka gina ta.

Ni ta hanyar Ubuntu na san ta. A wancan lokaci kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, yana da wani tsari mai suna ShipIt: ka rubuta adireshinka, su aiko maka da faifan CD ta gidan waya, ba ka biya ko sisi ba. Haka nawa ya iso Funtuwa bayan makonni, a zamanin da sauko da abu mai nauyin faifai ɗaya a shagon intanet sai ya ci wa mutum yini da kuɗin aljihunsa. An rufe wannan tsari a 2011. Abin da ya fi ɗaure mani kai a lokacin shi ne, masu faifan da kansu suke ƙarfafa ka ka kwafa ka ba wani. Mu da muka saba ganin gargaɗi da barazana a jikin kowane faifai, sai ga masu cewa: ɗauki, ka kuma miƙa wa maƙwabcinka.

Har wasu 'yan'uwa Musulmi suka fitar da nasu nau'in a 2007, suka kira shi Ubuntu Muslim Edition, daga baya a 2009 aka sauya masa suna zuwa Sabily. Yana zuwa da manhajar Alƙur'ani ta Zekr, da Minbar mai tunatar da lokutan salla, da kalandar Hijira. Fitowarsa ta ƙarshe a 2011 ce, daga nan aikin ya tsaya. Zan dawo kan dalilin da ya sa wannan tsayawa ta dame ni.

Abin Da Na Gani A Hannun Mutane

Tun daga wancan lokaci na saka wa mutane da dama wannan manhaja, kuma amana ce in faɗi daɗinta da ɗacinta.

Akwai wani malamin Islamiyya a Malumfashi wanda ciwon kansa shi ne ƙwayar cutar nan da ke bin filashi, wadda ke ɓoye fayiloli ta bar maka inuwarsu. Duk ƙarshen zango sai ya kai sakamakon ɗalibai shagon buga takardu, filashin ya dawo da cuta, kwamfutar ta kwanta. Da muka saka masa Linux Mint wannan ya wuce, domin irin waɗannan cututtuka don Windows aka ƙera su, ba sa tashi a nan. Har ya zama malaman makarantar suna kawo masa filashinsu ya ciro musu fayilolin da suka ɓata. Da LibreOffice yake rubutun Larabci daga dama zuwa hagu, kuma da ya zaɓi tsarin allon rubutu na Hausa sai ga ɓ da ɗ da ƙ a ƙarƙashin yatsunsa. Kukansa ɗaya ne: Maktaba Shamila da ya saba da ita a Windows ba ta zauna masa daidai ba, sai ya koma duba ta a intanet da kuma waya.

Akwai kuma wani matashi da ke riƙe wa mahaifinsa lissafin hatsi, suna sayen masara da waken suya a kasuwar Dandume lokacin kaka su adana. Kwamfutarsa tsohuwa ce ƙwarai, ta zamanin Windows XP, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Afrilun 2014. An ce masa ya jefar. Muka saka mata Lubuntu, wani nau'i marar nauyi, sai ga ta tana buɗe jadawalin buhuna da na bashi ba tare da nishi ba. Wannan batu ya sake tasowa yanzu, domin tallafin Windows 10 na gama-gari ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba. Jefar da abin da ke da sauran amfani almubazzaranci ne, kuma mu a nan ba mu da kuɗin yin sa ma.

Na ukun shi ne wanda ya koma inda ya fito. Yana da shagon buga katin biki da kalanda a Funtuwa, kuma dukkan aikinsa a kan CorelDraw yake, wadda ba ta da nau'in Linux. Na nuna masa Inkscape da GIMP, ya yi mako biyu yana fama, ga masu aiki suna tsaye a kansa, ga firintarsa ɗaya ta ƙi amsawa sam. Ya ce da ni: "Malam, wannan abu naka yana da kyau, amma iyali ba sa cin haƙuri." Ban ga laifinsa ba. Shawarar da na ba shi ita ce, tunda da wannan manhaja yake cin abinci, to ya ɗauke ta kamar injin janareto ko firinta, ya yi tanadi ya sayi lasisinta. Kayan sana'a ai saye ake yi.

Saboda haka kada wani ya gaya maka babu wahala. Kyauta ce ta fuskar kuɗi, amma ana biya da lokaci da haƙurin koyo, kuma masu gyaran da suka san ta a garuruwanmu ba su da yawa.

Misali Daga Gona

Idan ina yi wa dattawa bayani, da iri nake buga misali, domin shi suka fi ganewa. Tun da aka kawo Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, masara ta mamaye gonakinmu, kuma manomi ya san iri biyu. Akwai na kamfani mai aure, wanda ke ba da yabanya mai kyau, amma idan ka ɗebi 'ya'yansa ka sake shukawa sai amfanin ya ja baya, don haka kowace damina sai ka koma ka saya. Akwai kuma wanda kake zaɓar zangarniya mai kyau ka rataye a rumbu, baɗi ka shuka, ka kuma ɗiba wa maƙwabci. Dukkansu halal ne idan ta hanyar halal aka same su. Abin da babu mai hankalin da zai yarda da shi shi ne a fasa shagon mai iri da dare, a ce ai ya yi tsada.

Linux irin rumbu ce. Kuma lasisin da aka fi sani a cikinta, wanda ake kira GPL, yana da wani sharaɗi da ke tuna mani wakafi: kana iya ɗauka ka gyara, kana ma iya sayarwa, amma idan za ka raba abin da ka gyara, dole ka bar shi a buɗe ga na bayanka kamar yadda ka same shi. Ba ina cewa wakafi ne a hukuncin fiƙihu ba, kuma da yawa daga masu aikin ba Musulmi ba ne. Amma duk wanda ya san labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman (RA) ya saya a Madina ya bar wa jama'a, ko gonar Sayyidina Umar (RA) ta Khaibara wadda aka tsare asalinta aka yi sadaka da amfaninta, zai ji ƙamshin abin da ya sani. Haka kakanninmu suka yaɗa littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu: ɗalibi ya ari littafi, ya kwafa da hannunsa, ya mayar, wani ma ya ara a wurinsa.

Ina Namu Hannun?

A nan ne tsayawar Sabily take dawo mani. Irin wannan aiki gayya ce. Gayya kuwa idan kowa ya zo da cokali babu mai fartanya, gonar ba za ta nomu ba. Mutane ƙalilan ne suka ɗauki nauyin wancan aiki, mu kuwa masu yawa muka sha romo, da suka gaji sai abin ya kwanta. Har yau fassarar waɗannan manhajoji zuwa Hausa ba ta cika ba, alhali ƙofar a buɗe take, kuma ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Wanda ya iya Hausa da Turanci zai iya fassara kalma goma a rana. Wanda ya iya sakawa zai iya koya wa mutum biyu a unguwarsu. Muna yawan ambaton sadaka mai gudana da ilmin da ake amfana da shi bayan mutuwa. To ga wata ƙofa tasu da matasanmu ba su cika lura da ita ba. Sa'o'in da muke ƙonawa a musu a Facebook sun isa su yi wannan aiki.

Ga wanda ke son gwadawa, shawarata ita ce kada ya yi gaggawa. Ya sauko da Linux Mint ko Ubuntu daga gidan yanarsu na asali, ya ɗora a filashi, ya tayar da kwamfutar daga filashin. Zai iya gwada komai, har firinta da intanet, ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Idan ya zaɓi Ubuntu, ya nemi nau'in dogon tallafi, wanda ke fitowa duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, ana kula da shi shekara biyar. Kafin ya saka ta dindindin, ya kwashe fayilolinsa zuwa wata ma'adana. Idan ta yi masa, alhamdu lillahi. Idan ba ta yi ba, ya nemi lasisin abin da yake amfani da shi gwargwadon iko, ya kuma tambayi malamin da ya amince da shi game da halin da yake ciki.

Abin da ba na so mana shi ne mu ci gaba da zama ba mu ma san akwai tambaya ba. Ranar da za a tambayi bawa dukiyarsa ina ya samo ta, ban ga dalilin da zai sa a tsallake abin da ke cikin kwamfutarsa ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya wadatar da mu da shi ga barin haram, Ya sanya albarka a gonakinmu da karatunmu, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙauyukanmu. Amin.

Wassalamu alaikum warahmatullah.