Abin da Ba Ya Shiga Buhun Ƙaura

A watan Fabrairu na 2017, masu kula da Python, harshen kwamfuta da kowa ke da izinin karanta rubutunsa da gyara shi, suka kwashe shi daga rumbunsu zuwa GitHub. Wani daɗaɗɗen ɗan sa kai, wanda ya shekara goma yana aika gyara ba a biyansa ko dala, ya kwana cikin zullumi.

Ba rubutun ne ya dame shi ba, domin ya isa sabon gida lafiya tare da tarihinsa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne dubban rahotannin kurakurai da muhawarorin da ke ƙarƙashinsu, inda dalilin kowace shawara yake kwance. Waɗannan sai a 2022 suka biyo baya. Kafin nan, a 2018, kamfanin Microsoft ya sayi GitHub, abin da ya tuna masa cewa zaman aro suke yi.

Duk da haka bai yi yaji ba. Matasan da wahalar tsohuwar hanya ta kora sun fara sallama, kuma dole a sami wanda zai gaya musu dalilin da ya sa aka ƙi abin da suke shirin sake kawowa.