SAURA ƘIRIS BAIROS YA CINYE LABARIN FIM

Wata huɗu wani matashi ɗan Tsafe ya yi yana buga labarin fim ɗinsa na farko a kwamfutar yayansa. Furodusa a Kano ya ce ya kawo. Gogan naku ya kwashe komai cikin filashi, ya nufi wani shagon buga takardu a Gusau. Da ya dawo gida ya soka filashin, wayam!

Har zai yi fomatin, yayan ya riƙe hannunsa: "Kai ƙane, tsaya! Irin wannan bairos ɓoye fayil yake yi, ba gogewa ba." Mai gyara ya zaƙulo labarin lafiya lau.

Yanzu kwafi uku yake ajiyewa: kwamfuta, filashi, da imel ɗinsa.