Charlotte Nake Fara Nema

Duk sanda aka sake wa Pride and Prejudice na Jane Austen riga, a kan Darcy masu karatu ke rabuwa: an rage masa girman kai, ko an ɓata shi. Ni Charlotte Lucas nake fara nema, wadda ta karɓi auren Collins tana da shekara 27 domin samun rufin asiri. Bridget Jones ta 1996 tana da albashinta a Landan. Rashin miji bai wuce abin gori ba a wurinta. Da Soniah Kamal ta kai labarin Pakistan a 2019, tsoron nan ya dawo, kuma abokan karatuna da suka ce ya yi nauyi su suka riga ni gama shi.