Inda Ba a Lallaɓa Mota

Mu a Kano, idan mota ta fara tari ba mai tayar da hankalinsa. Direba zai ce "za mu lallaɓa," a yi ta lallaɓawar har damina ta wuce. In ta yi gardama a Ƙofar Nasarawa, fasinjoji su sauko su tura, ana yi ana tsokanar direba, ga bakanike nan tsallaken titi. Da wannan tarbiyyar na shiga motar Birnin Gwari daga Kaduna, tafiyar da ba ta wuce kilomita 120 da ɗoriya ba.

Mota ta cika, direba ya tayar da inji, ya yi shiru yana saurare, sai ya kashe. Wai fanbel ya fara kuka. Ni kam kunnena bai ji komai ba, don tawa da na baro gida sai an roƙe ta kowace safiya kafin ta tashi. Na ce, "Haba malam direba, ai wannan har Legas zai kai mu." Ba wanda ya tanka mini sai wata dattijuwa a kujerar baya: "Ɗan nan, ƙyale shi ya gyara. Inda za mu bi ba a tsayawa."

Bayan mun wuce Buruku muka doshi Udawa na ga abin da take nufi. Daji ne hagu da dama, wanda ke miƙewa har gandun Kamuku da aka mayar na tarayya a 1999, ya zarce Kuyambana ta Zamfara. Shekara da shekaru 'yan bindiga suna tare wannan hanya. Motar da ta mutu a nan ba turawa ake tunani ba. Hira ta ɗauke a cikin motar, kowa ya zama ɗan sauraron inji, har ni da ban san kan gado ba na tsinci kaina ina ƙirga duk canjin giya.

A cikin gari ma haka. Masu babur da ke shiga ƙauyuka irin su Randagi da Kakangi, da yawa za ka ga famfon iska ɗaure a baya, filogi na ajiya a aljihu. Ɗan ƙaran da mu za mu kira "halinsa ne," su gareji suke kai shi tun da safe. Abin ya sa na sake duban lallaɓawarmu, wadda muke yi wa kirari da haƙuri da tawakkali. Anya ba zaman lafiya ne kawai yake biya mana kuɗin sakacin ba? A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar shanu ta garin bayan sulhu da 'yan bindiga, manyan motoci suka dawo, amma kunnen direbobi bai koma barci ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne labarin 2021. A ƙarshen Satumba gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta sa aka katse layukan waya a yankin, ta kuma hana hawa babur, don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Mutanen da suka ƙware wajen hana kaya lalacewa suka wayi gari da kaya masu lafiya da ba sa aiki: babur cike da mai a jingine a zaure, waya kuma cike da caji ba ta kiran kowa har ƙarshen Nuwamba. Na tambayi wani mai gyaran waya a kasuwa yadda ya ci abinci a lokacin. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai ban rasa aiki ba. Sai dai ba mai kawo ƙorafin ba a jin sa. Tocila da sifika kawai na yi ta gyarawa."