Disamba a Lambun Tivoli

Wanda bai taɓa yin hunturu a ƙasar Danmak ba zai ɗauka sanyi ne ke karya baƙo. Sanyi yana da magani, mutum ya jibga riguna ya fita. Duhu ne ya fi ƙarfina. A watan Disamba rana ba ta leƙowa birnin Kopenhagen sai bayan ƙarfe takwas na safe, kafin huɗu na yamma kuma ta faɗi, har Azahar da La'asar da Magariba su taru wuri ɗaya kamar suna gudun juna. A shekarar farko ta karatuna a can nakan fita cikin duhu in dawo cikin duhu, maganata ta ragu, abinci ya daina yi mini daɗi.

Tsohuwar da nake haya a gidanta ce ta lura. Mama nake kiranta, domin bakina ba ya iya kama sunan sa'ar kakata kai tsaye, ko da yake haka ake yi a can. Wani yammacin Asabar ta ƙwanƙwasa ƙofata ta ce, "Taso, 'yata, sa takalminki mai kauri. Tivoli za mu."

Tivoli lambun wasanni ne a tsakiyar gari, tsallaken titi daga babbar tashar jirgin ƙasa. An buɗe shi ranar 15 ga Agusta, 1843, a zamanin Sarki Christian na Takwas. Wanda ya kafa shi, Georg Carstensen, a birnin Aljiyas aka haife shi, inda mahaifinsa ke aikin jakadanci, kuma son gine-ginen Gabas ya bi lambun tun daga farko. Shi ya sa da muka shige ƙofa na tsaya cak. A gabana ga wani farin gini mai ƙubba da 'yan hasumiyoyi, an bi kowace kusurwarsa da ƙananan ƙwayayen lantarki. Sunansa Nimb, ginin 1909 ne, gidan cin abinci ne ba wurin ibada ba, amma idona ya san wannan siffa, kuma ya huta a kanta.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne irin hasken. Ba ya kashe ido. Ƙwayaye ne ƙanana masu ruwan zuma, an naɗe su a rassan itatuwan bakin tafki har suna taɓa ruwa, an jera su a rufin rumfunan katako, an rataya su tsakanin bishiyoyin Kirsimeti da ba su ƙirguwa. Mutum yana ganin fuskar na kusa da shi sarai, yana kuma ganin cewa dare ne. Ga ƙanshin itacen fir, ga na 'ya'yan almon da ake soyawa cikin sukari a buɗaɗɗen kasko, ga hayaƙin gawayi daga manyan kaskunan da aka ajiye a kan hanya don masu wucewa su ɗumama hannu. A saman rumfuna an zaunar da 'yan mutum-mutumi masu jar hula da ake kira nisse, waɗanda a tatsuniyar ƙasar suke ɓoye a ɗakin saman gida, ana ajiye musu kunun shinkafa a daren Kirsimeti don kada su yi fushi.

Mama ta saya mana æbleskiver. Da na ga kaskon da ake suyarsa, mai ramuka zagaye-zagaye, ana zuba ƙullu ana juyawa da tsinke, sai na ga tandar masa ta ƙofar gidanmu, bambancin kawai nasu da garin alkama ne, ana barbaɗa masa sukari a haɗa da jam. Ita ta karɓi gløgg, abin shansu mai zafi da ake dafawa da giya da kirfa da kanumfari. Ni kuwa, ba tare da na ce komai ba, ta miƙo mini koko mai zafi. Ban taɓa yi mata bayani sau biyu a kan abin da nake ci da wanda ba na ci ba.

A kan benci, muna hura abin sha, ta faɗa mini abin da ban zata ba. Wannan bikin da nake gani kamar ya yi shekara ɗari, a 1994 aka fara shi. Kafin nan da kaka ta shigo ake rufe lambun, sai bazara. Wato Tivoli na ƙuruciyarta na rani ne, na furanni da 'yan riguna marasa nauyi. Na tambaye ta to me ya sa idonta ya ciko da muka shigo. Ta nuna dutsen roba da jirgin katako ke kewayawa yana hawa yana gangarowa, ta ce, "Wancan. Mahaifina ya ɗora ni a kansa, ni na ɗora ɗana."

Rutschebanen ake kiran jirgin, tun 1914 yake aiki, kuma har yau mutum ne ke zaune a tsakiyarsa riƙe da birki, yana rage gudu da hannunsa a kowace gangara. A ganina sirrin wurin ke nan. Masu lambun suna kawo sababbin injuna, amma ba duk tsofaffin suke tumɓukewa don su sami fili ba. Gidan wasan kwaikwayo na 1874, wanda labulensa wutsiyar ɗawisu ce da ke buɗewa, yana nan. Da aka zo ƙawata wurin don Kirsimeti, a kan waɗannan tsofaffin abubuwa aka rataya fitilun, shi ya sa sabuwar al'ada ta samu saiwa da wuri. Walt Disney ya ziyarci Tivoli kafin ya buɗe nasa lambun a Kalifoniya a 1955, ya ɗauki tsafta da tsari. Abin da ba ya ɗaukuwa shi ne kaka da jika a layi ɗaya, kowannensu na jiran jirgin da ya sani.

Ta kuma ba ni labarin yaƙi. Lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar aka hana kunna fitilu da dare, sai mai zanen gine-ginen lambun, Poul Henningsen, ya ƙera fitilar da ke haska ƙasa ba a hango ta daga sama. A watan Yunin 1944 'yan ƙasar masu goyon bayan Nazi suka cinna wa wasu gine-ginen wuta, har da zauren kiɗa. Ba a jima ba aka sake buɗewa. Tana yarinya a lokacin, ta ce ta tuna warin toka, ta tuna kuma mahaifiyarta ta ɗaure mata gashi da jan ƙyalle suka tafi duk da haka.

Ni Musulma ce, bikin ba nawa ba ne, kuma babu wanda ya nemi in mai da shi nawa. Amma daga wannan dare na fara cin abinci sosai, na fara fita yawo da yamma in kalli kyandirorin da mutane ke jerawa a tagoginsu. Duk Disambar da na yi a ƙasar sai mun je. A ta ƙarshe gwiwoyin Mama sun ƙi, sai ta haɗa ni da ƙaramin jikanta, ta damƙa mini kuɗin tikiti, ta ce in tabbata ya zauna a kujerar da ke bayan mai birki, domin daga nan ne ake ganin yadda yake jan sandar. Muka bi layi cikin sanyi, muka bar jirgi ya wuce mu har muka samu kujerar. Yaron bai kalli gari ba, bai kalli fitilu ba, hannun mutumin kawai yake kallo har muka sauka, kuma duk hanyar gida yana gwada mini yadda ake yi.