Daga Nis zuwa Barlin: Neman na'urar da za ta tsayar da mota daga nesa

Da hantsi na sauka birnin Nis da ke kudancin Faransa, ban tsaya ko'ina ba sai bakin teku. Titin Promenade des Anglais ya miƙe ɗoɗar, bishiyoyin dabino reras, amma abin da ya kawo ni shi ne turakun ƙarfen da aka kakkafa tsakanin kwalta da hanyar masu ƙafa. A nan ne, daren 14 ga Yuli 2016, bayan wasan wuta na bikin ranar ƙasa, wani ya afka wa jama'a da babbar mota mai nauyin tan 19. Ya yi kusan kilomita 2 yana bi ta kan mutane, 86 suka rasa rayukansu. 'Yan sanda ba su da abin tare ta sai bindiga, kuma sai da suka harbe direban aka samu sa'ida. Na taka wannan tazara da ƙafa, na ji tsawonta a jikina, na kuma gane dalilin da ya sa hukumomin Turai suke neman hanyar kashe injin mota daga nesa.

Jirgin ƙasa na bi ta Paris zuwa Burasels, inda Hukumar Tarayyar Turai take. A can na fahimci cewa sayen irin wannan na'ura ya sha bamban da sayen motocin sintiri ko kakin 'yan sanda, inda ake fitar da sanarwar kwangila, kamfanoni su kawo farashi, a zaɓi ɗaya. Wannan haja babu ita a kanti. Tun 2007 Hukumar ta tsara yadda gwamnati za ta zuba kuɗi a abin da bai shigo kasuwa ba, ba tare da ta yi cinikin biri a sama ba. Hukuma za ta bayyana matsalarta, kamfanoni da dama su kawo zane, a tace, waɗanda suka tsallake su ƙera samfuri, a sake tacewa, sannan a gwada ragowar a fili. Kuɗi na fita ne mataki mataki, wanda ya gaza a sallame shi.

Wajen tsayar da mota daga nesa kuwa, hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce harba igiyar rediyo mai ƙarfi ta rikita kwamfutar injin har ya mutu. Tarayyar ta ba da kuɗin binciken SAVELEC a kan haka daga 2012, kuma a 2013 kamfanin e2v na Ingila ya nuna tasa na'urar, RF Safe-Stop, mai aiki daga kamar mita 50. Sai dai igiyar ba ta tantance motar mugu da ta mai kai mara lafiya asibiti, tsohuwar mota marar kwamfuta kuwa ko a jikinta. Kuma mutuwar inji ba ta hana babbar mota ci gaba da gangarawa.

Hanya ta biyu ita ce a dasa makulli a cikin motar tun daga masana'anta. A Amurka tsarin OnStar na General Motors yana rage gudun motar da aka sace idan 'yan sanda suka buƙata. A 2014 ƙungiyar Statewatch ta fallasa takardar da ta nuna cewa wata haɗakar 'yan sandan Turai na son irin wannan a motocin nahiyar, aka yi ta cece-kuce. Shekara ɗaya bayan haka wasu masana biyu suka kutsa cikin wata Jeep Cherokee ta intanet tana bisa hanya, abin da ya sa kamfanin da ke ƙera ta, Fiat Chrysler, ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara. Ƙofar da ɗan sanda zai shiga, ɓarawo ma zai iya binta.

Zangona na ƙarshe shi ne dandalin Breitscheidplatz a Barlin, gindin wani coci da yaƙi ya ragargaza hasumiyarsa. An rubuta sunayen waɗanda suka mutu a harin da aka kai wurin a matakala, an kuma zuba ƙarfe mai ruwan zinariya a wata tsaga da ta ratsa daɓen. Ranar 19 ga Disamba 2016 aka kutsa kasuwar Kirsimeti a nan da wata babbar mota ƙirar Scania da aka ƙwace daga direbanta ɗan Poland. Mutum 12 suka mutu, wani ya cika daga baya. Motar ta tsaya bayan ƙasa da mita 100, kuma masu bincike sun danganta hakan da birki mai kama kansa, wanda dokar Tarayyar ta riga ta wajabta wa sababbin manyan motoci.

Abin da idona ya gani a biranen nan shi ne turakun ƙarfe da tubalan kankare, can kuɗin kare jama'a ya fi tafiya. Na'urar nesa tana da amfani idan ta nuna, amma duk gwamnatin da za ta saye ta, wajibi ne ta ga gwaji a titi mai cunkoso, ta kuma rubuta a doka wanda ke da ikon danna maɓallin, kafin ta sa hannu a kwangila.